Wutar da Firizarmu Take Ci

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya ƙafar tata? Ya yaran? Ni lafiya lau, sai gajiya da ba ta ƙarewa.

Na ga takardarki, da lambobin da kika kwafo daga bayan kayan wutar gidan. Kin ce Yaya ya rantse firizarki ce ke cinye katin mita, ko a kashe ta ko ki nemi wani gidan, kuma kina so in nuna masa ƙarya yake. Wallahi ni ma haka na so. Shekara uku ina nan bai taɓa tambayar ko ina raye ba, sai da aka zo maganar wuta.

Na kai lambobin wa wani mai gyaran wuta da muke ɗaki ɗaya, muka zauna da biro. Firizar wat ɗari da hamsin ce. Injinta yana aiki kamar awa goma sha biyu a rana, a wata ya kama yunit hamsin da huɗu. Fankar Yaya yunit sha takwas. Dutsen gugar matarsa, da kike ta zargi, sha biyar kacal. Gidan gaba ɗaya yunit ɗari kuke saye a wata. Sau uku na sa ya sake lissafin, har ya ce ko zan canza yaya ne, don lambobi dai ba za su canza ba.

Yaya ne da gaskiya. Bai iya faɗar magana ba ne, kuma dama bai taɓa iyawa ba.

Ki kai masa takardar nan da kanki, ki ce rabin kuɗin katin mu za mu riƙa biya daga wannan watan. Zan ƙara aikin ranar hutu. Amma kada a kashe firizar, kada kuma ki bar gidan. Wata goma sha huɗu ina sauke buhuna kafin na aiko kuɗi aka saye ta, ban taɓa ganinta ba, ban taɓa shan ruwanta ba. Idan rana ta dake ni a wurin aiki, sai in tuna ƙaramar 'yarmu can tana buɗe ta tana ɗaukar ruwan sanyi ba tare da ta roƙi kowa ba. Ban ma san ko hannunta yana kaiwa murfin ba. Ki faɗa mini.

Ki gaida Inna da kyau. Ki gaida Yaya ma.

Naki,
Baban yara