A Bar Mini Karan Dawata a Gona

Zuwa ga Shugaban shirin gwajin samar da man dizil daga ƙwayoyin bakteriya, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne a Karakkai, ƙaramar hukumar Bungudu. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'yana suna Kudu, gona ma sai da sanda nake isa.

Na farko, ban raina aikinku ba. Ma'aikatanku sun yi mana bayani a ƙofar gidan mai gari cewa kun sauya halittar wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna cin kara suna fitar da man da zai tada injin niƙa. Da alli na koyar da kimiyya, na san wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Na biyu, sun kira kara shara. Ba shara ba ne. Tun ina da ƙarfina, in an yanke dawa, Buba, wani Bafulatani daga wajen Tsafe, yakan sauka a gonata da shanunsa. Su ci ganye da kara, su bar mini taki. Da la'asar ya shigo mu sha fura, mu yi wa juna ta'aziyyar waɗanda shekara ta ɗauke. Duk abin da ya shiga tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar nan bai hana shi zuwa ba.

Na uku, bara bayan girbi motarku ta kwashe karan gonakin gabas, har da nawa. Mai gari ya ba da izini, ni ba a tambaye ni ba. Buba ya iso ya tarar da fili fayau. A tsaye ya sha ruwa, ya yi mini addu'a, ya kora shanunsa gaba. Dawar bana ta yi rawaya saboda rashin taki, amma ba ita ta fi damuna ba. Rani guda ya wuce ba wanda ya zauna a tabarmata.

Roƙona, a riƙa tambayar mai gona da kansa, a kuma bar wa dabbobi rabonsu. Girbi ya matso. Buba ya aiko ta bakin wani mai sayar da shanu yana tambaya ko ya biyo bana. Shi ma ya tsufa, ba zai yi tafiyar banza sau biyu ba. Ban ba shi amsa ba, taku nake jira.

Allah ya sa albarka a bincikenku, ya ba ku tsufa cikin mutane.

Wassalam.

Malam Umaru, Karakkai.