Hancin da Ya Daina Jin Fetur

Litinin, 7 ga Yuli 2025

Yahuza ɗan Alhaji Sanda na Gwaram ya kawo min jar motarsa mai tarbo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska don ƙarin gudu. A Kano aka ƙara wa injin ƙarfi, yanzu man da ke zuwa ba ya isar ta, da ya taka totur sai ta riƙa shaƙewa. Yana so in sa mata babban famfon mai, manyan nozul masu fesa mai cikin inji, da sabon tiyo. Na ce me ya hana shi ƙarasawa a can? Ya ce, "Baba ne ya ce duk Birnin Kudu har Gwaram ba wanda zai taɓa min layin mai sai Malam Salami Hanci." Na yi dariya, na karɓi makulli. Bai kamata in karɓa ba.

Talata, 8 ga Yuli

Bari in rubuta, ko a nan ne in faɗi gaskiya. Yau sati biyar ke nan tun da na tashi daga waccan murar, ba na jin warin komai. Da safe na buɗe jarkar fetur na tura hancina har idona ya yi ruwa. Babu. Ni da mota ke shigowa gareji in ce tiyon baya ne ke yoyo kafin direba ya kashe ta. Shekara ashirin da shida da wannan hancin nake ci. Ko Ummussalma ban gaya wa ba, matar da muke kwana ɗaki ɗaya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Kaya sun iso. Na sauke tanki, na sa famfon, na ɗaura nozul huɗu. Wannan famfo ba wasa ba ne, yana tura mai da ƙarfin da ya ninka na da, ko ƙaramar kafa ya samu zai fesa. Ga tarbo kuma in ya yi zafi har ja yake yi.

Musbahu, makanikin da ke maƙwabtaka da ni, ya leƙo ya ce ko ya ara min agogonsa na gwada ƙarfin mai. Na ce masa agogo na masu toshewar hanci ne, kamar yadda na saba tsokanarsa. Mutane suka yi dariya. Ni ban san me ya sa bakina ya riga ni ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na gama ɗauri. Ba na jin daɗin komai.

Asabar, 12 ga Yuli

Sai yanzu da dare na samu zama in rubuta.

An kwana ana ruwa, ƙasan gareji duk ya jiƙe, ko da abu na ɗiga ba za a gani ba. Na sa riga wankakkiya tunda aikin ya ƙare tun jiya. Yahuza ya zo da hantsi da 'ya'yan yayarsa Juwairiyya su biyu, zai mayar da su Gwaram. Aka tayar da mota, aka buɗe gaba. A gaban kowa ya ce, "Baba Salami, a ɗan shinshina mana." Na sunkuya, na zura hannu ta bayan inji, na ja numfashi kamar gaske, na ɗago na ce lafiya lau. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya nake yi.

Da na shiga gida cin abinci Ummussalma ta yamutsa fuska. "Malam, hannun rigar nan fa?" Na ce ruwan sama ne. Ta kama ta kai hancinta, ta dube ni. "Wannan fetur ne tsagwaronsa. Ba ka ji ba?" Hannun da na zura bayan inji ne.

Yahuza kuwa ya riga ya kama hanya da yaran. Sau uku na kira wayarsa bai ɗaga ba. A na huɗu ya ɗaga yana ihu don murna, wai mota ta zama aljana. Na ce ya tsaya, ya kashe ta, ya fitar da yaran nan su yi nisa. Ya fara tambaya, na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗan wani ba.

Musbahu ne ya kai ni a babur ɗinsa. Mun same su a gefen titi, saura kaɗan su shiga Gwaram, yaran na zaune ƙarƙashin wata bishiyar maina suna cin gyaɗa. Musbahu ya murɗa makulli kawai, sai ga mai yana fita siriri kamar zare daga bakin tiyon da na ɗaure, tazararsa da tarbo ba ta kai taƙi ɗaya ba. Zoben da na matse shi da shi bai kama ba.

Yahuza ya ce, "Amma a gabana ka shinshina." Na gaya masa gaskiya, hancina ya daina jin wari. Musbahu ya sunkuyar da kai yana ta goge sifanar da ba ta da datti.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ummussalma ta ce ta daɗe da zargi, jira take in faɗa da bakina. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Laraba, 16 ga Yuli

Na je Gwaram na durƙusa gaban Alhaji Sanda. Ya ce, "Ciwo ba laifi ba ne, Malam Salami. Amma jikokina ne a ciki." Ya sa aka kawo min ruwa. Na kasa sha.

Motar tana wurin Musbahu yanzu. Ina hango ta daga bencina.

Litinin, 21 ga Yuli

Likita ya ce jin warin yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. A wurin mai shayi an yi shiru da na iso. Mota ɗaya ce ta shigo yau, ita ma birki.

Alhamis, 7 ga Agusta

Wani tsohon direba daga Maruta ya kawo motarsa ta ɗaukar hatsi, wai tana shan mai. Ko bai ji labari ba ne, ko ya ji bai damu ba, oho. Na zagaya ta sau biyu, na tsaya. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, kai ta ina kake jin warin?" Ya ce ta baya, wajen hagu, musamman in ya cika tanki. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, muka zauna muna jira ni da shi. Can sai ga ɗigo, daidai inda ya ce.

Ba wani abu ba ne, ƙaramin aiki ne. Kawai dai a hanyar gida na yi ta tunani, ban tuna ranar da na taɓa tambayar mai mota abin da shi yake ji ba.