Bushin Ƙafar Baya

Daren Asabar, watan Shawwal, garin Clinton

Na sake alwala, amma fushin bai sauka ba.

Shekaru na yi ina gyaran tsohuwar motar nan ta Ingila mai kujera biyu, matata Hajiya tana ƙin shiga saboda ciwon bayanta. Da ta amince mu je ziyara Springfield a cikinta, na umarci ɗana Nura ya sa bushin roba mai laushi a ƙafar baya, domin shi ke shanye gargada. Ashe mai tauri irin na filastik ya ɗaura, bai shawarce ni ba, wai masu tsere sun ce ya fi riƙe mota idan ana shan kwana.

Babu ramin da Hajiya ba ta ji a ƙashinta ba. Kafin mu kai gada ta dafa hannuna ta ce, "Malam, don Allah tsaya in sauka." Tasi ce ta mayar da ita gida.

Da na tuhumi Nura, da Turanci ya amsa yana dariya, wai zan saba. Na ce, "Mahaifiyarka na ɗauko, ba kofin tsere nake nema ba."

Allah Ya sani na haɗiye sauran maganar. Gobe bayan Asuba zai kwanta ƙarƙashin motar ya cire bushin, sannan ya nemi gafarar mahaifiyarsa. Ita kuwa ta ce ba za ta ƙara shiga ba.