Baba Zai Riga Mama Isowa

Kotorsko, Bosniya,
14 ga Nuwamba, 2021.

Zuwa ga ƙanena Hajrudin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Elvedina da abin da take ɗauke da shi. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya tsare ku daga wannan annoba da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, maigidana Nedim ya gama faskara wa su Baba itacen hunturu, Mama kuma hawan jininta ya lafa. Na zaɓi in rubuta ne in ɗauki hoton takardar in turo maka, domin duk sanda ka kira mu ta bidiyo Baba ke ƙwace wayar ya manna a kunne, kai ka yi ta kallon gashin kunnensa daga St. Louis, mu kuma ba ma samun bakin magana. Ga shi maganar tafiyar su Baba wajenku ta canza, ina so ka ji ta tiryan-tiryan.

Ka tuna tun watan Afrilu Mama ta je aka yi mata rigakafin annobar. Ranar da ka faɗa mana Elvedina na da ciki, bayan shekara tara ana jira, washegari ta ɗaura ɗankwali ta bi layi, ta ce ba za ta bari wata allura ta tsaya tsakaninta da jikanta ba. A lokacin ta Rasha ce kawai a asibitinmu, ita aka yi mata, har sau biyu. Baba kuwa ya ƙeƙasa ƙasa, wai shi yaƙi bai kashe shi ba, tari ba zai kashe shi ba. Sai da abokin shan gahawarsa Muharem ya rasu a watan Agusta jikinsa ya yi sanyi. Ya sulale ya je aka yi masa wata iri da aka kawo daga baya, bai gaya wa kowa ba, asirinsa bai tonu ba sai da muka ga ya kasa ɗaga hannu ya tsinko tuffa a lambu.

To, ƙarshen watan jiya muka ji an fito da sabuwar doka: kamfanin jirgi ba zai ɗauki baƙo zuwa Amurka ba sai ya nuna shaidar rigakafi, kuma ba kowace iri ake karɓa ba. Na kwashe su da takardunsu muka tafi Doboj, ofishin da muka yanki tikiti. Yarinyar da ke wurin ta duba ta Baba ta ce lafiya lau. Da ta zo kan ta Mama sai ta sake dubawa, sannan ta ce, “Kaka, ki yi haƙuri, wannan ba ta cikin jerin da aka ba mu.” Mama ta ce mata, “'Yata, allura ai allura ce, har zazzaɓin kwana biyu na yi, ko shi ma ba ya cikin jerin?” Yarinyar ta ce wallahi da a hannunta abin yake da ta bar ta, amma gara ta ji yanzu da ta je filin jirgi a Sarajevo da akwatuna a dawo da ita.

A mota Baba ya samu abin yi. Ya riƙa cewa, “Tsohuwa, kin ga amfanin taurin kai? Ke da kika yi sammako an bar ki a tasha, ni da na makara ga ni a kujerar gaba. Dama an ce gaggawa aikin Shaiɗan.” Mama ta juya fuskarta wajen taga. Sai da muka haye gada ya leƙa ya ga hawaye take sharewa da bakin ɗankwali. Muna isa gida ya ce in kira ka in ce an fasa, babu mai zuwa. Ya ce shekara arba'in da bakwai ba su taɓa rabuwa ba, ko da aka kore mu daga garin nan lokacin yaƙi a bayan mota ɗaya suka zauna, ba takarda ce za ta raba su yanzu ba. Ban kira ka ba, na san hankalinka zai tashi a banza.

Washegari na kai Mama wajen likitarta. Ta auna ta, ta ƙirga watanni, ta ce tunda an kusa wata bakwai da ta farko, babu laifi a sake yi mata irin wadda ake karɓa. An yi mata ta ɗaya ranar biyar ga wata, ta biyu sai ashirin da shida, sannan a jira kwana goma sha huɗu cif. Na sa an mayar da tikitinta sha biyu ga Disamba. Wannan karon ko ciwon kai ba ta yi ba, har tana cewa jikinta ya zama majalisar ɗinkin duniya, Gabas da Yamma duk sun hallara.

Matsalar ita ce haihuwa ƙarshen wannan watan ake sa rai. Mama ce da kanta ta yanke hukunci. Ta ajiye masa gahawa ta ce, “Tsoho, kai za ka yi gaba. Yarinyar nan ba ta da uwa ba ta da uba, ba za ta haihu a ƙasar mutane babu babba ko ɗaya a gidan ba. Wa zai yi wa jaririn kiran salla a kunne? Hajrudin? Shi da ke rawar jiki in ya riƙe ƙwai?” Baba ya ce bai iya Turanci ba, bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ta ce mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa shi ne zai ji tsoron zama a kujera? Ya ce na ƙasa yana da birki, kuma in ya lalace sauka ake yi a taka da ƙafa. Ta ce to ya zauna, ita za ta gaya wa jikan in ya girma cewa kakansa na da takarda amma ba shi da zuciya. Kwana biyu yana fushi, a na uku ya ɗauko akwati daga saman kabad.

Abin da zai ba ka dariya, Mama ta ce mai jego ba ta rayuwa da abincin kanti, don haka kullum da hantsi Baba na ɗakin girki yana koyon miyar kaza da kuɓewa. Mutumin da bai san inda cokali yake kwana ba! Ta farko ko kyanwa ta ƙi sha. Ta biyu gishiri ya yi mata yawa, ya ce laifin tukunya ne. Ta jiya kam na sha, har na ƙara. Ya rubuta komai a ɗan littafinsa na aiki, har da minti nawa ake juyawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka ka shirya, ranar ashirin da huɗu zai taso, ta Istanbul, ya sauka Chicago, can za ka je ka ɗauko shi. Zan kai shi gwajin annobar na hanci kafin tafiya kamar yadda suka ce, takardunsa kuma na sa su a leda ɗaya cikin aljihun ƙirji. Ka je da wuri ka tsaya inda zai hango ka, kada ka bari ya nemi hanya da kansa, ka san ba zai tambayi kowa ba.

Shekaranjiya Baba ya ja ni bayan gida ya ce in dawo gidan da zama har ranar da Mama za ta tashi, in kuma raka ta allura ta biyu, amma kada in ce shi ya sa ni. Ko awa ba a yi ba ita ma ta ja ni ɗaki, ta ce in gaya maka ka riƙa ba shi maganinsa a hannu kana kallo, ka kuma yabi miyar ko yaya ta fito, amma kada ya ji daga bakinta ya fito. Na yi wa kowannensu alkawari, ga shi na karya duka biyun a takarda ɗaya.

Ka gaida Elvedina da kyau, ka ce Mama na nan tafe, kwana goma sha takwas ne kawai tsakani. Ka gaida Kawu Rasim da Gwaggo Fikreta in kun yi waya. Nedim da yara suna gaishe ku. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Zumreta.