Shekara biyu yana rufa mini asiri, dokar da na rubuta ta hana shi makulli

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, domin ba mamaki wanda zan yi magana a kansa yana karanta ku. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana tara ke nan abin nan yana cina a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Makarfi, ritaya ta kusa. Shekara uku da suka wuce mu 'yan kaɗan daga Ikara da Makarfi da Kudan muka fara haɗa wata manhajar waya don manoma, mutum ya sa girman gonarsa da abin da ya shuka, ta gaya masa yawan taki da maganin feshi da Hausa. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, ba ta kowa ba, rubutun kod ɗinta, wato umarnin da ke tafiyar da ita, yana intanet, kowa zai iya dubawa ya kawo gyara, kuma babu mai biyan kowa. Sai dai mutum biyar ne kawai ke da izinin shigar da gyara a cikinta, mu ake ce wa masu makulli. Makullin nan ba albashi gare shi ba, amma shi ne abin da mutum zai nuna wurin neman aiki ko horo a ce lallai ya iya.

Cikin masu taimaka mana akwai wanda zan kira Sabi'u. Tsohon ɗalibina ne, yanzu malamin gona ne a Malikanchi, magidanci da 'ya'ya uku. Da kansa ya koyi kod, kuma gaskiya ɗaya ce, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Amma har gobe in ya gan ni sai ya sauka daga babur ya rusuna, ko sunana ba ya kamawa.

Daminar bara waccan na yi kuskure a lissafin maganin feshin tumatir. Na lissafa da babbar tankar feshi ta goyo, alhali ƙaramar ce a hannun yawancin mutanenmu, wanda ya bi lissafina sai ganyen ya ƙone. Sabi'u ya gano tun kafin a sakar wa manoma. Maimakon ya rubuta a guruf ɗinmu na masu aikin manhajar yadda ake yi, sai ya hau babur tun daga Malikanchi har gidana, muka gaisa gaisuwar da ta kai ta kawo, ya tambayi iyali da aiki da ruwa, sannan ya ce shi fa akwai wurin da bai gane ba, ko zan ƙara masa haske. Da ya buɗe kwamfutar na ga ni ne ke buƙatar hasken. Ya riga ya rubuta gyaran, ya ce in shigar kawai. Na shigar da shi da sunana, aka yi ta sa mini albarka a guruf, ni kuma na yi ta amsa amin.

Daga nan abin ya zama jiki. Duk sanda na yi tuntuɓe sai saƙonsa ya shigo mini ta gefe, ni kuma in kai gaba. Da farko ina ce wa kaina ai shi ya so haka, daga baya ma na daina ce wa kaina komai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai da na zauna na duba wayata kwanan nan na ga saƙonnin sun fi ƙarfin a ce mantuwa ce.

Watan jiya wata abokiyar aikinmu mai makulli, ma'aikaciyar jinya ce a Kudan, zan kira ta Madam Rahila, ta kawo shawarar cewa duk wanda za a ba makulli dole a ga maganarsa a fili, yana duba aikin wasu a guruf, yana nuna kuskure, yana amsa tambayar sababbi. Hujjarta ita ce gyaran da aka yi a ɓoye mutum biyu kawai ya amfana, in waya ta faɗa ruwa ilimin ya tafi, kuma mai makulli dole wata rana ya ce wa babba aikinka bai yi ba. Ta ce gyara kayanka ba zai zama sauke mu raba ba. Wallahi maganarta ta shige ni, har ni aka ba aikin tsara dokar saboda wai na fi iya rubutu. Na tsara ta tsaf, ko sau ɗaya Sabi'u bai faɗo mini a rai ba, ko kuma ya faɗo na kau da kai, Allah ne masani.

Ranar da muka zauna duba sunayen masu neman makulli, nasa ne na biyu. Aka bincika guruf daga farko har ƙarshe, ba a samu komai nasa ba sai amin da Allah ya saka da alheri. Wani ya yi dariya ya ce wannan ai liman ya kamata a naɗa shi. Madam Rahila ta juyo ta tambaye ni, tunda ɗalibina ne, ko na san wani aiki nasa da ba su gani ba. Na ce yaron kirki ne, yana ƙoƙari. Shi ke nan abin da na ce. Aka ajiye sunansa sai zama na gaba, aka ba wani wanda bai kai shi ba amma ya iya bayani.

Abin da ban sani ba sai bayan nan shi ne, wata ƙungiya mai horar da masu irin wannan aiki ta ce ya kawo shaidar matsayinsa a manhajar kafin ƙarshen wata, shi ya sa ma ya yi ƙarfin halin ba da sunansa.

Na je na same shi ranar kasuwar Ikara, na ce ya yafe mini, zan fito da saƙonnin nan duka in nuna wa jama'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in ka yi haka ka tona mini asiri ni ma. Za a ce na yi shekara biyu ina tara kurakuran malamina don in hau kansa. Mahaifina ma in ya ji ba zai ji daɗi ba." Na ce to ya fara magana a guruf ko sau uku ne kafin zaman, ya ce aikin da ke gaba duk nawa ne da na wasu manya, da wane baki zai fara. Kuma ni na koyar da shi shekara shida cewa ba a katse malami.

Yanzu ga inda nake. Har yanzu ina ganin dokar tana da amfani, ba na son a soke ta saboda mutum ɗaya. Amma ni na san mutumin nan bai taɓa yin shiru a kan kuskure ba, wurin faɗa kawai ya zaɓa, kuma ni na ci moriyar zaɓin. In na fito da gaskiya girmana zai zube, wannan na yarda, na cancanta, amma zan karya roƙon da ya yi mini. In na yi shiru horon zai wuce shi, in ci gaba da riƙe makullin da guminsa ne ya riƙe mini.

Zaman na gaba ranar Asabar ne. Shekaranjiya kuma da hantsi wani saƙon nasa ya sake shigowa, ya gano na juya lissafin takin masara, ya haɗo gyaran, a ƙasa ya rubuta, "Malam a shigar da wuri kafin mutane su fara zuba taki, kada a ce ni ne." Ba zan iya riƙe shi ba don gonakin mutane ne, kuma hannuna ya ƙi shigar da shi da sunana. 'Yan uwa, ku da kuke nesa da abin kun fi ni gani, sunan wa zan sa?