Ranakun Ruwan Baba a Cikin Kwamfuta

Gusau, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Mahadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara rufin asiri. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, Mansura kuma ta haihu a Tsafe, mace.

Yaya, kuɗin da ka ce za ka turo in sayi manhajar gina shiri, don Allah ka bar su. Ka san littafin nan na Baba, wanda yake rubuta da ajami ranar ruwan farko da ranar shukar kowace gona a Furfuri, shekara talatin da ɗaya ke nan. Gara ta ci shafi huɗu, idonsa kuma yana raguwa, ga shi babu mai iya karanta hannunsa sai shi. Ina so in yi masa shiri a tsohuwar kwamfutata mai Linux, wanda ba ya buƙatar intanet, kafin karatun ya gagare shi.

Na fara da wani kayan gina shiri mai suna Tkinter, don kyauta ne, kuma ba shi da nauyi. Kwana tara ina murna. Da na kai Furfuri na nuna masa, sai haruffan ajami suka fito a wawware. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ko wace ce ta rubuta wannan, ba ta yi allo ba. Ban ce masa ni ce ba. Na dawo na koma wani irinsa mai suna PySide, shi ma kyauta ne, sai dai ya ci mini data sama da megabait ɗari biyu. Na karanta sharuɗɗansa sau uku don kada in yi kuskure.

Tun daga nan nake ganin abin a raina: taga a fuskar kwamfuta mai launin ƙasa bayan yayyafi, maɓallai uku manya, Baba zaune a gindin ɗorawa, ya taɓa shekara guda, damunarta ta buɗe masa gona bayan gona.

Ranar Asabar na sake kai masa. Wannan karon haruffan sun fito a haɗe. Na ƙara girman rubutun har sau biyu. Ya matso, ya bi layin da yatsa daga dama, ya karanta Gonar Fadama da kansa. Sai ya aika a ɗauko littafin, ya ce in gyara zama, mu fara da shafukan da gara ta ci, tunda har yanzu yana tuna su.

Ka gaishe da Anti Lami da su Khadija. Kawu Bawa yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Sa'adiya