Rasuwar Malam Delbert Vondracek da Gyaran Jadawalin 1976

Cikin alhini mai nauyi da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Auna Ƙwallon Ƙananan Kwalejoji ta Gabashin Nebraska take sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar wanda ya kafa ta, shugabanta na tsawon rai, kuma babban mai lissafinta, Dattijo Malam Delbert J. Vondracek, tsohon malamin lissafi a makarantar sakandaren garin Osmund, wanda Allah ya yi wa rasuwa da hantsin ranar Talata a gidansa, yana da shekara tamanin da takwas, saura kwana goma sha ɗaya a buga wasan farko na kakar bana. Ya bar mai ɗakinsa, Uwargida Marlys Vondracek, da 'yarsa tilo, Uwargida Janelle Vondracek Pohl, da jikoki biyu. Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a cocin da ya yi shekara sittin yana halarta.

Ƙungiya tana roƙon duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi, musamman mutanen Osmund, ya daure ya karanta ta har ƙarshe. Ban da ta'aziyya, akwai wani laifi da marigayi ya ɗauka a kansa kusan shekara hamsin alhali ba nasa ba ne, kuma bai kamata a sa shi a ƙasa da wannan laifin ba.

Marigayi ya kafa wannan ƙungiya a 1963, a teburin baya na wani shagon kofi, tare da malaman makaranta uku da wani ma'aikacin gidan waya, saboda manyan jaridu ba su taɓa damuwa da ƙananan kwalejojinmu ba, waɗanda ɗalibansu ba sa kai dubu kuma 'yan wasansu ke komawa yankan masara bayan atisaye. Shi ya tsara ma'aunin da muka yi aiki da shi har yau: a duba tazarar makin da aka ci da ita, a duba ƙarfin abokin karawa, sannan a rage maki uku ga wanda ya buga a gida, a ƙara uku ga wanda ya je filin wasu. Kowace kwaleji tana da katinta, kowane wasa yana da layinsa, katunan kuma suna cikin kwalayen takalma a ɗakin karatunsa, kwali guda ga kowace shekara. Duk yammacin Asabar, daga Satumba zuwa Nuwamba, mambobi kan bi kwalejoji goma sha takwas da waya suna tattara sakamako, shi kuma ya zauna da fensir ya jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, jadawalin ya fito a jarida ranar Litinin da sunansa a ƙasa.

Kowane watan Agusta kuma yakan fitar da ɗan littafinsa na hasashe mai bangon rawaya, inda yake faɗin wadda yake ganin za ta ɗaga kai a kakar da ke tafe da wadda za ta sha kashi, da dalilinsa. Shafin farko na littafin bai taɓa zama na hasashen bana ba. Jerin kurakuransa ne na bara, ɗaya bayan ɗaya. Da wani mamba ya ce masa hakan yana rage wa ƙungiya kwarjini, sai ya ce, "To ka je ka buɗe shagon duba, Floyd, can ne ba a tuna wa mutum abin da ya faɗa bara." Koci-koci da yawa sun zage shi a watan Agusta, sun kira shi a watan Nuwamba suna tambaya yaya aka yi ya sani. Amsarsa ɗaya ce: "Ban sani ba, yaro. Na dai ƙirga manyanka da suka gama karatu suka tafi, kai ba ka ƙirga ba."

Akwai lokacin da mambobinmu suka kai ashirin da biyu, kwamitin wasan ƙarshen shekara na yankinmu kuma jadawalinmu yake dubawa kafin ya aika da goron gayyata. Wannan zamani ya wuce. Bakwai daga cikin kwalejojin nan an rufe su. Na'ura tana yi cikin ƙiftawar ido abin da yake cin mu yini guda, kuma ba wanda yake tambayarta yadda ta yi. Littafin bara mutum talatin da ɗaya aka aika wa, huɗu suka dawo da tambarin gidan waya. Mambobi sun tafi ɗaya bayan ɗaya, har muka rage mu biyu, ni da marigayi. Saboda haka duk inda wannan sanarwa ta ce "ƙungiya", mai karatu ya sani tsoho ɗaya ne yake magana daga ɗaki mai lamba goma sha huɗu a gidan kula da tsofaffi.

A kakar 1976 Kwalejin Osmund ta ci wasanninta tara duka, abin da ba ta taɓa yi ba kuma ba ta sake yi ba. Kwalejin Brandvold ma ba a ci ta ba, kuma ba su haɗu da juna ba a shekarar. Gurbi ɗaya ne a wasan ƙarshen shekara. Jadawalinmu na ƙarshe ya sa Brandvold a sama da tazarar maki huɗu, aka gayyace ta, 'yan Osmund suka saurari wasan a rediyo. Marigayi a Brandvold ya yi karatu, a Osmund yake zaune, kuma sunansa ne a ƙasan takardar. Mutanen gari ba su buƙaci ƙarin bayani ba.

Ga abin da ya faru. A mako na shida Osmund ta ci Kwalejin Harbeck ashirin da goma sha uku. An tsara wasan a filin Osmund, amma kogi ya yi ambaliya ya shafe filin, aka mayar da wasan Harbeck. Wanda ya cika katin bai tambayi inda aka buga ba, ya duba tsarin wasanni da aka buga tun watan Agusta, ya rubuta "gida". Aka rage wa Osmund maki uku a inda ya kamata a ƙara mata uku. Maki shida ke nan, tazarar kuwa huɗu ce. Osmund ce ta ɗaya. Wanda ya cika wannan katin ni ne, Merlin Tollefsrud, mai sa hannu a wannan sanarwa.

Marigayi ya gano kuskuren ne mako biyu bayan an buga wasan ƙarshen, lokacin da ba abin da za a iya mayarwa. Ya zo gidana da rana, ya ajiye katin a teburin kicin, ya sa yatsa a kan layin. A lokacin ina aiki a jaridar da ke buga jadawalin, edita ya riga ya ja mini kunne sau biyu, matata Arlene kuma tana fama da ciwon ƙoda, inshorar asibitinta a aikina take rataye. Na ce zan je in faɗa. Ya ce, "Ka je ka faɗa wa wa? Zauna, kai dai, ka zuba mini kofi. Sunana ne a ƙasa, ni ya kamata in duba ban duba ba. Ni ba a korar malamin lissafi a garin nan, ba su da wani." Ya ɗauke katin ya sa a aljihu. Da shugabannin gari suka nemi ya fito da katunan a gani, ya ƙi, saboda rubutun hannuna ne a kai. Ƙin nan kuwa shi ya tabbatar musu da abin da suke zato.

Mutanen Osmund sun fi kowa sanin abin da ya biyo baya, amma dole a rubuta shi. An sa masa suna Malam Na-biyu, yaran da ba a haifa ba a 1976 ma da shi suke kiransa a bayan idonsa. Mai aski ya ce masa, "Kujera a cike take, Malam," alhali ba kowa a shagon, daga ranar kuma sai da ya riƙa tuƙa mil ashirin kafin a taɓa masa gashi. Bencin da iyalinsa ke zama a coci ya zama nasu su kaɗai. Uwargida Marlys ta kai abincinta liyafar coci shekara uku a jere, tana dawowa da kwanon ba a taɓa ba, har ta daina kaiwa. Janelle tana da shekara goma sha ɗaya aka fara tare ta a ƙofar makaranta ana tambayarta nawa aka biya babanta. Da aka rufe Kwalejin Osmund a 1994, wasu suka ce da an je wancan wasan da sunanta ya fito, da ɗalibai sun zo, da ba a rufe ba. Wannan ma a kansa aka ɗora. Bai bar garin ba, bai daina koyar da 'ya'yansu ba, kuma bai faɗa wa ko matarsa ba.

Arlene ta rasu a 1991, na bar aikin jarida a 2003. Daga nan ba ni da sauran hujja. Sau biyu na tayar da maganar, ya ce, "Bar ta, Merlin, ta riga ta bushe." Na karɓi wannan da sauri fiye da yadda ya kamata, domin tsoro nake ji. Mutumin da ya buɗe kowane littafinsa da kurakuransa, kuskure ɗaya ne ya ɓoye a rayuwarsa, kuma nawa ne. Jiya na kira Uwargida Janelle na faɗa mata duka. Da na gama, ta ce, "Kawu Merlin, kai ka riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma." Ta ajiye wayar. Ba na ganin laifinta, kuma ba na neman gafarar da ban cancanta ba.

Saboda haka, a matsayin aikinta na ƙarshe, ƙungiya tana sanar da cewa ta gyara jadawalin ƙarshe na kakar 1976 kamar haka: Kwalejin Osmund ta ɗaya, Kwalejin Brandvold ta biyu. Katin yana cikin kwalin waccan shekarar, duk mai son gani ya nemi izinin iyali. Ƙungiya ta san gyaran bai mayar wa kowa komai ba, domin Kwalejin Osmund yanzu rumbun ajiyar hatsi ce, kocinta ya daɗe a kabari, wanda aka zalunta kuma ba zai karanta ba. Littafin hasashen bana ya tsaya a kwaleji ta shida cikin goma sha ɗaya, ba kuma za a ƙarasa shi ba. Daga ranar jana'iza an rufe wannan ƙungiya.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Marlys Vondracek, da Uwargida Janelle Vondracek Pohl, da jikokin marigayi, tana roƙon Ubangiji Mai Jinƙai ya karɓi bawansa, ya ba shi hutun da bai samu a cikinmu ba, ya ba iyalinsa ƙarfin jure wannan rashi, da ƙarfin jure abin da na ƙara musu a kansa cikin makon makokinsu.

Roƙo ɗaya ya rage. Kafin in faɗa mata abin da na faɗa, Uwargida Janelle ta shaida mini cewa akwatin gawa yana buƙatar mutum shida, uku kawai aka samu: mijinta da 'ya'yanta biyu. Cikin 'yan wasan Osmund talatin da shida na 1976, goma sha tara suna da rai, takwas kuma suna zaune a Osmund ko kusa da ita. Na san ba ni da bakin roƙonku, kuma ban sa rai sosai ba. Ma'aikaciyar gidan nan ta yarda ta kai ni da motarta. Ba zan shiga coci ba, don ba a gayyace ni ba. Za ku same ni a keken guragu a bakin ƙofar shinge tun ƙarfe tara. Duk abin da kuka yi shekara arba'in da takwas kuna faɗa masa, ku tsaya ku faɗa mini a fuskata, ba zan tanka ba. Sannan uku daga cikinku su shiga su kama masa akwatin.

Sa hannu:
Merlin A. Tollefsrud
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Ƙungiyar Masu Auna Ƙwallon Ƙananan Kwalejoji ta Gabashin Nebraska